Sharhi Kan Sunayen Abinci a Littattafan Koyon Hausa

Yawancin littattafan koyon Hausa sun tsaya ne a kan Kananci, har ɗalibi ya ɗauka iyakar harshen ke nan. Wannan naƙasu ya fi fitowa a darasin abinci. Littafi zai kawo fura kaɗai, alhali a Maraɗi da Tawa ta Nijar, kamar a Sakkwato, hura ake cewa. A Gana kuwa sunayen ma sun shiga bakin waɗanda ba Hausawa ba: shinkafa da wake ta zama waakye, ƙosai ya zama koose. Ƙamusun Bargery na 1934 yakan nuna kalmomin Sakkwatanci da Katsinanci. Ya kamata marubuta su bi sawunsa, kada ɗalibi ya ji hura a kasuwar Maraɗi ya ɗauka kuskure ne.