Rubutun Makafi a Kwamfuta: Tarken Manhajojin Kyauta da Matsayin Hausa a Cikinsu

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 1829, lokacin da Louis Braille na ƙasar Faransa ya buga littafin da ya bayyana tsarinsa, makafi suka sami rubutun da suke karantawa da yatsa, suke kuma rubutawa da kansu. Ginshiƙin wannan rubutu na Birel shi ne gida mai ɗigo shida, uku a hagu uku a dama, waɗanda ake sassauyawa a sami siffofi 63. A Nijeriya an buɗe makarantar makafi ta Gindiri a 1953. A yau aiki mai yawa na wannan rubutu ya koma kwamfuta, inda manhajoji masu buɗaɗɗen tushe suka taka rawar gani, watau waɗanda kowa ke da izinin ya leƙa cikinsu, ya gyara, ya kuma raba kyauta.

Wannan maƙala za ta auna sassa uku na aikin: zubin haruffa, da jadawalin juyi, da magirki. Ma'aunin kuwa ɗaya ne: ko makaho mai karatun Hausa zai iya girka manhajar da kansa, sannan ya karanta harshensa ba tare da an tauye masa harafi ba?

2.0 Zubin Haruffa

Zubin haruffa shi ne kamannin da harafi ke fitowa da shi a fuskar kwamfuta ko a takarda. Zubin Birel na farko dabara ce mai sauƙi: a buga "a", sai ɗigo ya bayyana a madadinsa, alhali a cikin kwamfutar harafin yana nan yadda yake. A 1999 ma'aunin Yunikod ya ware wa Birel gurabe 256, adadin da ya ƙunshi dukkan siffofin gida mai ɗigo takwas, kuma zubi na kyauta irin DejaVu ya ɗauke su. Wannan ci gaba ne, domin ɗigogin sun daina aron gurbin wasu.

Sai dai wajibi ne a faɗi iyakar amfaninsa. Ɗigon tawada shafaffe ne, yatsa ba ya jin sa, saboda haka masu cin moriyarsa su ne masu gani: malamin da ke koyon Birel, da mai duba kurakurai, da mawallafin littafin koyarwa. Har ila yau, Yunikod siffa kawai ya yi wa rajista, bai ce ga ma'anarta ba, tun da gida ɗaya na iya zama harafi kaza a Ingilishi, ya zama wani a Larabci.

Manazarcin Hausa ya san wannan matsala ta wata fuskar. Kafin Yunikod ya yaɗu, an ƙera zubin da ya ɗora ɓ da ɗ da ƙ a gurbin baka-biyu da makamantansu. A ido rubutun lafiya lau yake, ya kuma yi wa maɗaba'u amfani a zamaninsa. Amma da zarar an miƙa irin wannan matani ga manhajar makafi, abin da ke ƙasa take karantawa, sai "ƙasa" ta fito da alamar baka a goshinta. Fankan-fankan ba shi ne kilishi ba.

3.0 Jadawalin Juyi

A nan gizo ke saƙar. Jadawalin juyi shi ne jerin ƙa'idojin da ke gaya wa kwamfuta gidan Birel da ya dace da kowane harafi a harshe kaza. Fitacciyar manhajar kyauta a wannan fanni ita ce Liblouis, wadda John Boyer na Amurka ya assasa, kuma da ita manhajojin karanta allo irin NVDA da Orca suke juya rubutu. Abin yabo a gininta shi ne kowane jadawali matani ne da mutum zai iya buɗewa ya karanta, ya gyara layin da ya ga kuskure a cikinsa. Ta wannan hanya harsunan Afirka irin su Zulu da Kosa da Suwahili suka sami nasu.

To, me ke faruwa in an bi da Hausa ta jadawalin wani harshe? Illa uku ce ke bayyana.

Ta farko, haruffa masu lanƙwasa. Harafin da jadawali bai sani ba, manhajar kan fito da lambar rajistarsa. Ta ƙ ita ce 0199, ga kuma alamomin da ke rakiyarta, sai harafi ɗaya ya cinye gidaje da dama a tsakiyar kalma. Wanda ya gaji da wannan yakan zubar da lanƙwasar, daga nan "ƙura" ta zama "kura", "ɓari" ya zama "bari", "ƙafa" ta zama "kafa". Rubutun boko dama ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, ya bar wa mai karatu ya gano su daga muhallin magana. Mai gani yana iya waiwayar jimla duka da kallo ɗaya, mai yatsa kuwa gida-gida yake bi. In an ƙara masa da ɓatan lanƙwasa, an ɗora wa raƙumi kayan da ya fi ƙarfinsa.

Ta biyu, taƙaitattun kalmomi. Birel na Ingilishi, wanda Nijeriya ta karɓi haɗaɗɗen tsarinsa a 2005, yana da taƙaitawa 180 da aka gina bisa yawan aukuwar kalmomin wancan harshe. A jadawalinsa kalmar "can" takan koma "c" kaɗai, "so" ta koma "s", saboda sun yi kama da wasu kalmomin Ingilishi a rubuce. Amma "da" da "kuma", waɗanda ba a raba shafin Hausa da su, ba su sami ragin komai ba. Wannan taƙaitawa ce ta katari, ba ta da tushe a nahawun Hausa.

Ta uku, bambancin ƙasashe. Abin da ake rubutawa 'y a Nijeriya, ƴ ake rubuta shi a Nijar. Manhajar rubutu kuma takan mai da waƙafin sama na farkon kalma alamar buɗe zance, wadda a Birel na Ingilishi gida biyu ce, alhali waƙafin ɗigo ɗaya ne. Ga shi alamar babban baƙi ta Faransanci ta saɓa da ta Ingilishi. Jadawalin da bai yi la'akari da waɗannan ba zai raba ɗalibin Maraɗi da na Katsina a kan littafi ɗaya.

4.0 Magirki

Magirki shi ne ɗan shirin da ke dasa manhaja a kwamfuta, kuma a nan ne masu manhajar kyauta suka fi cancantar yabo. NVDA, wadda Michael Curran ya fara a Ostareliya a 2006, James Teh ya haɗa hannu da shi, dukkansu makafi, tana soma magana tun daga lokacin da aka buɗe magirkinta, don haka ba sai an kira ɗan jagora ba. Tana kuma ba da damar a ɗora ta a filashi, a yi aiki da ita a wata kwamfutar ba tare da an girka ta ba. Magirkin Debian shi ma yana kunna murya in an danna "s" a farkon tashi, yana kuma gane allon Birel da aka jona masa. Wanda ya san ciwon ne ya tsara maganin.

Duk da haka akwai gyara. Magirkin da ke magana da harshen da mai sauraro bai ƙware a kansa ba ya buɗe ƙofa ne rabi. Kuma kyautar manhaja ba ta sauke tsadar na'ura ba, domin allon Birel mai gida 40 yakan kai dubban daloli.

5.0 Kammalawa

An ga cewa zubi na ido ne, magirki ƙofa ce, jadawali kuwa shi ne ɗakin. Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda Nijeriya ta tabbatar a 2017, ta sauƙaƙa juya littattafai domin makafi, amma doka ba ta gyara harafin da ya gurɓace. Aikin da ya rage na masana harshe ne: a mai da tsofaffin matanoni zuwa Yunikod, a ƙididdige kalmomin Hausa kafin a tsara musu taƙaitawa, a daidaita tsakanin Nijeriya da Nijar. Sharaɗin duka shi ne malamai makafi su zauna a kan gaba, domin yatsan da zai karanta shi ya fi cancanta ya yanke hukunci.