Daga Maƙogwaro Zuwa Tagulla: Tarken Littafin Rochut da Darasinsa ga Waƙar Baka ta Hausa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi tarken wani littafi da ya daɗe a hannun masu koyon busa a duniya, sannan ta duba ko tsarinsa zai karɓi waƙar baka ta Hausa. Abin da ya jawo tambayar shi ne, a Abuja, wadda ta zama mazaunin gwamnati a 1991, 'yan badujalar soja da na 'yan sanda suna cika Dandalin Eagle da busa a ranakun bukukuwan ƙasa. Duk mai son ya ji muryar Hausa a bakin waɗannan mabusa, dole ya fara tunanin littafin da za su yi koyo da shi.

2.0 Littafin da Asalinsa

Marco Bordogni (1789-1856) mawaƙi ne ɗan Italiya wanda ya koyar a babbar makarantar kiɗa ta birnin Faris. Ya tsara wa ɗalibansa darussan horar da murya, waɗanda ake rerawa ba tare da kalmomi ba. A 1928 sai Joannès Rochut, Bafaranshe mai busa turambon a ƙungiyar makaɗa ta Boston, ya zaɓi 120 daga cikinsu ya mayar da su darussan busa. Kamfanin Carl Fischer ya buga su a juzu'i 3 da sunan Melodious Etudes for Trombone. Shi turambon ƙaho ne na tagulla wanda ake zare bututunsa a mayar domin sauya sauti.

Hikimar Rochut a fili take. Mawaƙi da mabushi duk da numfashi suke aiki, saboda haka darasin da ya koya wa mawaƙi inda zai ja numfashi da yadda zai haɗa sautuka ba yankewa, zai koya wa mabushi haka nan. Sai dai aikin yana da naƙasu. Rochut ya zubar da kiɗan fiyano da Bordogni ya tanada domin raka murya, ya bar ɗalibi da rabin abin da ya kamata kunnensa ya ji. Duk da haka littafin ya karɓu, domin ba a yi asarar ma'ana ba. Darussan tun asali ba su da kalma ko ɗaya da za a rasa.

3.0 Inda Gizo ke Saƙa

Waƙar baka ta Hausa ba haka take ba. Rauji da kalma a tagwaye suke, kuma harshen yana rarrabe ma'ana da karin sauti da tsawon wasali. Kuka mai karin sama-sama zubar da hawaye ne, mai karin sama-ƙasa kuwa itaciya ce. Wuya mai karin sama-ƙasa gaɓar jiki ce, mai ƙasa-sama wahala ce. Gari da gajeren wasali mazaunin jama'a ne, da dogo kuwa abin tuƙa tuwo. Idan aka ɗauki waƙar Ibrahim Narambaɗa ko ta Mamman Shata aka rubuta raujinta kaɗai irin yadda Rochut ya yi, mabushin da bai san kalmomin ba zai iya jan gaɓa marar nauyi, ko ya ja numfashi a tsakiyar kalma. Bahaushen da ke saurare yana bin busar da kalmomin a zuciyarsa, don haka nan take zai ji an yi masa gwaranci.

Gaskiya ne mawaƙi ba kullum yake bin karin magana sau da ƙafa ba; wani lokaci yakan karkata shi don ya dace da kiɗa. Wannan ma hujja ce ta ƙara nuna bukatar a rubuta kalmomin, domin ɗalibi ya ga inda aka bi da inda aka kauce da gangan.

4.0 Gadon Kakaki

Mayar da murya busa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya danganta fara busa kakaki ga zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499). Kakaki ba shi da hudojin yatsa, galibi sauti 2 yake bayarwa, kuma da su mabushi yake kwaikwayon karin sama da na ƙasa har jama'a su gane taken sarki. Masarautar da Abu Ja ya kafa a 1828, wadda babban birnin ƙasa ya gaji sunanta ita kuma ta koma Suleja, tana cikin fadojin da suka riƙe al'adun sarautar Haɓe ta Zazzau. A irin waɗannan fadoji yaro yakan haddace kalmomin take kafin ya sa baki a kakaki ko algaita. Wato kalma ce gaba, busa na biye.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ana iya ɗaukar manufar Rochut amma a gyara tsarinsa ta hanyoyi 3. Na farko, a buga kalmomin waƙa a ƙarƙashin rubutun kiɗa, da alamun karin sauti da tsawon wasali. Na biyu, a sa alamar numfashi a ƙarshen ɗango ko inda jagora yake sakar wa 'yan amshi. Na uku, a nemi iznin magada. Bordogni ya shekara 72 da rasuwa kafin littafin Rochut ya fito, Shata kuwa a 1999 ya rasu, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 tana kare ayyukansa. Biyu na farko aikin masanin harshe ne, domin malamin busa ba shi da horon yin su shi kaɗai. Idan sassan harsunan Nijeriya na jami'o'inmu suka yi ko oho, wasu za su buga littafin ba da mu ba, kuma da kurakuransa ɗalibai za su tashi.