Daga Igiyar Nalako zuwa Wayar Hannu: Nazarin Zolaya a Birnin Kano

Masu iya magana na cewa da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya. Wannan karin magana na nuna cewa Bahaushe bai ɗauki zolaya a matsayin aikin banza ba, ya ɗauke ta fasaha ce mai dokoki. Manufar wannan maƙala ita ce auna bidiyoyin zolaya da labaran ƙarya na intanet da ma'aunin adabinmu na gargajiya, domin a ga abin da suka gada da abin da suka yar.

Misali mafi kusa shi ne tashe. Idan azumi ya kai kwana 10, sai unguwannin cikin ganuwa, daga Jakara zuwa Mandawari, su zama dandali. Nalako, Sarkin Gwagwaren Kano, yakan fita da kiɗa da igiya farautar mutumin da ya rasa mata, a zaga gari da shi ana dariya. Duk da kaifinsa, wasan yana tsaye a kan turaku uku. Na farko lokaci: yana da ranar farawa da ta ƙarewa. Na biyu fuska: kowa ya san mai wasan, ya san gidansu. Na uku warwara: a ƙarshe ana kwance igiya, kowa ya san wasa aka yi. Tatsuniya ma haka take, domin duk ƙaryar da Gizo ya shara, mai ba da labari yakan rufe da ƙurunƙus, ya dawo da yara duniyar gaskiya.

Rubutaccen adabi ya gaji wannan tsari. A cikin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934 bayan gasar da Rupert East ya shirya a 1933, Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna ta yi wa juna ƙeta gari bayan gari. Abin da ya sa mai karatu ke dariya ba tare da ɓacin rai ba shi ne ramuwa: wanda aka damfara yau shi zai damfara gobe. Ƙarfinsu ɗaya, kamar taubasai, ko Bakano da Bazazzagi.

To, ina bidiyon zolaya na TikTok da Facebook ya tsaya? Ya gaji wayon Gizo da saurin tashe, kuma mafi kyawunsa, inda abokai ke tsokanar juna, ɗa ne na halal ga wasan barkwanci. Amma sau da yawa yakan rasa ramuwa. Idan saurayi ya ɓoye kyamara a bakin Kasuwar Kurmi ya firgita ɗan dako ko almajiri, wanda aka zolaya ba shi da wayar da zai rama, kuma ba shi da kaso a ribar kallon. Wannan ba taubasantaka ba ce, cin zali ne da aka yi wa kiɗa.

Mafi muni shi ne rashin warwara. A watan Agustan 2014, bayan da cutar Ebola ta shigo Legas, wani saƙo ya bazu ta wayoyi cikin dare cewa wanka da ruwan gishiri da shansa na kare mutum. Jama'a suka tashi 'yan uwansu daga barci saboda ƙauna. Aƙalla mutum biyu suka rasu, wasu suka kwanta asibiti. Saƙon ba shi da fuska, ba shi da lokaci, ba shi da ƙurunƙus. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshen wannan ramin an riga an yi jana'iza.

Akwai kuma wani ɓangare da ya kamata a duba. A wasan gauta, matan fada kan kwaikwayi sarki da hakimansa, mai mulki ya ga aibinsa ya yi murmushi. Amma a Nuwamban 2022, wata kotun majistare a Kano ta yanke wa matasa biyu bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda bidiyon da suka yi wa Gwamna Abdullahi Ganduje ba'a. Ashe ƙofar zolayar na sama tana ƙuntata, ta zolayar na ƙasa kuwa tana buɗe wangam. Al'adarmu ta fi wannan adalci.

Saboda haka, mai nazari ya kamata ya yi wa kowace zolaya tambayoyi uku: wa aka yi wa dariya, yana iya ramawa, kuma wa zai kwance igiya? Wasan da ya amsa su adabi ne, ko a dandali ko a waya. Wanda ya kasa kuwa, komai yawan masu kallonsa, ƙarya ce tsirara.