Zanen Aro da Gitar Bahago: Nazarin Fim ɗin Mdou Moctar

Hausawa na cewa zanen aro ba ya rufe katara. Da wannan karin magana aka daɗe ana sukar finafinan Kano saboda kwaikwayon na Indiya, kuma da ita ya kamata a auna Akounak Tedalat Taha Tazoughai, fim ɗin da ya fito a 2015 cikin harshen Tamashek, wanda Mdou Moctar, makaɗin gita ɗan arewacin jihar Tawa, ya zama jaruminsa.

Salon ɗora labari a kan mawaƙan gaske ba sabo ba ne. A 1964 Richard Lester ya yi A Hard Day's Night, inda ƴan Beatles suka fito a matsayin kansu cikin raha, masoya na bin su da gudu. A 1984 kuma Prince ya fito a Purple Rain. Wannan na biyun ne Christopher Kirkley, Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds, ya ɗauko ƙashin bayansa ya kai Agadas: saurayi mai babur, kishiyar sana'a, budurwa, mahaifi mai tsanani da gasar kiɗa a ƙarshe. Ko sunan fim ɗin fassara ce mai dogon zagaye, wato ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ratsin ja.

Inda fim ɗin ya bi sawun Amurka ƙafa da ƙafa, nan rauninsa yake. Soyayyar ba ta da zurfi, kuma tun daga tsakiya mai kallo ya san wanda zai ci gasar. Ƙarfinsa yana wuraren da ya koma gida. Mahaifin da ke ganin gita hanyar lalacewa ce ba baƙo ba ne ga duk malamin da ya taɓa neman izinin iyaye don yaro ya shiga wasan makaranta. Shi kansa Mdou, wanda bahago ne, da wayar birkin keke ya haɗa gitarsa ta farko. Haka nan fim ɗin ya nuna yadda waƙa ke yawo daga waya zuwa waya ba tare da izinin mai ita ba. Ta wannan hanya Mdou ya yi suna: a Sakkwato ya naɗi faifansa Anar a 2008, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa, waƙoƙin suka bazu ta Bluetooth tun kafin Turai ta san shi. Matasan Bambeye da na birnin Tawa sun san wannan kasuwa sarai.

Saboda haka zanen aron ya rufe, domin an yanka shi daidai jikin mai shi. Abin da ya rage shi ne tambayar da ke gaban malamai da ƙungiyoyin al'adu na Adar. Baƙo ne ya zo da kyamara ya ga cewa rayuwar makaɗinmu ta isa labari. Masu gurmi, masu kalangu da mata masu waƙar daka suna nan a ƙauyuka, suna tsufa, kuma wayar da ke aljihun kowane ɗalibi tana iya ɗaukar hoto mai motsi. Ƙungiyar da ta nuna wannan fim da dare a filin makaranta, ta kuma tambayi yara wane makaɗin garinsu ne ya cancanci irinsa, ta fara aikin.