Ku rage tuwo, amma kada ku sauke nauyin ƙarfe

Akwai wata al'ada da ta shigo wa masu ɗaga ƙarfe a Jimeta da Yola, kuma ina ganin tana cutar da su. Da zarar mutum ya ƙudurta rage tumbi, sai ya yi abu biyu a rana ɗaya: ya rage tuwo, ya kuma sauke manyan fayafayan ƙarfe daga sanda, ya koma wa ƙanana da zai ɗaga sau talatin ko arba'in ba tsayawa. In ka tambaye shi dalili, sai ya ce ai nauyi na masu neman ƙwanji ne, shi kuwa kitse yake so ya ƙone. Bidiyoyin TikTok da Instagram sun ƙara wa wannan tunani ƙarfi. Rage tuwon daidai ne. Sauke nauyin kuwa, a ra'ayina, shi ne yake sa mutane da yawa su rame ba tare da sun yi kyan gani ko sun ji ƙarfi ba.

Abin da ke rage kitse shi ne jiki ya riƙa samun abinci ƙasa da abin da yake ƙonawa. To amma idan jiki ya shiga wannan ƙaranci, ba kitse kaɗai yake taɓawa ba, har tsoka yana ci. Halinsa irin na makiyayi ne idan rani ya tsananta: saniyar da ba ta ba da nono ita yake fara korawa kasuwar Ngurore. Tsokar da ba a saka ta aiki mai nauyi, jiki yana ganinta a matsayin ɗawainiya, sai ya fara sallamar ta. Ƙarfe mai nauyi shi ne yake sanar da jiki cewa wannan tsokar ana bukatarta. Aikin ƙarfe a lokacin rage ƙiba ke nan, ya tsare naman da kake da shi, abinci kuma ya ji da kitsen.

Garinmu kuma yana da nasa tarkon, wato zafi. Wanda ya san Yola a watan Maris da Afrilu ya san ma'aunin zafi na haura 40, kuma iskar kwarin Binuwai ba ta kawo wani sauƙi. A irin wannan yanayi ko zama ka yi a inuwa sai ka jiƙe. Duk da haka za ka ga saurayi ya naɗa leda a ciki, ya ɗora riga mai kauri, yana tsalle da ƙaramin ƙarfe da yamma rana ba ta gama sanyi ba. In ya gama ya matse rigar, ruwa na zuba a ƙasa, ya hau sikeli ya ga kilo ɗaya ya tafi, sai murna. Wannan kilon ruwa ne. Da ya sha fiya wata leda uku ya dawo. Abin da bai dawo ba shi ne lafiyar da ya saka a haɗari, domin rashin ruwa a jiki cikin wannan zafin yana kawo jiri da suma, yana kuma wahalar da ƙoda. Ina roƙon masu horar da matasa su hana wannan ledar gaba ɗaya. Haka ma maganar yin atisayen ciki sau ɗari don a narkar da teɓa: jiki ba ya cire kitse daga wurin da ka zaɓa masa, yana ɗebowa ne daga ko'ina, kuma a wurin maza da yawa cikin ne ke tafiya a ƙarshe.

To wane tsari ne ya dace? Kwana uku a mako ya isa, a bar kwana ɗaya tsakani. Kowace rana a taɓa jiki duka da manyan motsi: tsuguno da sanda a kafaɗa, ɗaga ƙarfe daga ƙasa, kwanciya a benci a tura sama, da jan ƙarfe zuwa ciki ko rataye jiki a ja sama. A zaɓi nauyin da za a iya ɗagawa sau 6 zuwa 12 da kyau, a huta minti biyu, a maimaita zagaye uku. In ƙarfi ya ragu saboda ƙarancin abinci, a rage yawan zagayen, a bar nauyin yadda yake. Sauran kwanakin a yi tafiyar ƙafa bayan asuba, kafin rana ta ɗaga. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2020 ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu, kuma wannan tsarin ya cika duka biyun.

Ba sai kana da kuɗin rajistar gidan motsa jiki mai na'urar sanyaya ɗaki ba. A lungunan Doubeli da Jambutu akwai samarin da suka cika gwangwanin fenti biyu da siminti, suka soka bututun ƙarfe a tsakiya, suka kafa benci na katako a ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Ina girmama wannan himma. Matsalar irin wannan sanda ɗaya ce, ba a ƙara mata nauyi ba a rage mata, don haka ya kamata 'yan unguwa su haɗa kuɗi su zuba guda uku masu nauyi daban-daban, a rubuta kilon kowanne a jikinsa da fenti.

Sai abinci, inda a nan ne Adamawa ta fi wurare da yawa sa'a. Masu bincike kan ɗaga ƙarfe sun tsaya a kusan giram 1.6 na furotin ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. Mai kilo 70 yana neman wajen giram 110 ke nan. Ƙwai ɗaya yana da kamar giram 6, kifi giram 100 yana da kusan 20. Muna da kifin Binuwai da na tafkin Geriyo, muna da kindirmo, da wake, da awara, da ƙuli-ƙuli wanda an riga an matse mansa, duk ana samu a babbar kasuwar Jimeta. Babu dalilin da zai sa ɗalibi ya kashe kuɗin makaranta a kan garin furotin na gwangwani. Abin da ya kamata a yanke shi ne lemon kwalba, wanda roba ɗaya na iya ɗauke da sukari fiye da ƙaramin cokali goma, da sukarin da ake zubawa a fura, da shayi mai kauri da taliya a teburin mai shayi bayan isha'i. A rage malmalar tuwo, a ƙara ganye da nama ko wake a miya. Rage nauyin jiki da rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya wadatar. Wanda ya wuce haka da gaggawa, yawanci tsokarsa ce ke biya.

'Yan'uwa mata su ne aka fi yaudara da shayin rage ƙiba da ɗamarar matse ciki. Yawancin irin shayin nan gudawa da fitsari yake sawa, ɗamara kuma da an kwance ta ciki ya koma yadda yake. Tsoron cewa ƙarfe zai mayar da mace kamar namiji ba shi da tushe, domin jikin mace ba ya tara tsoka irin haka. A cikin gida ma, jarkar ruwa mai lita 10 kilo 10 ce, ta isa a fara tsuguno da ita.

Mai hawan jini ko ciwon suga, ko wanda ya haura arba'in bai taɓa ɗaga ƙarfe ba, ya fara zuwa a auna shi kafin ya taɓa sanda. A watan azumi kuwa, wanda a 2024 da 2025 ya faɗo a tsakiyar zafin Maris, a mayar da atisaye bayan buɗa baki ko bayan tarawihi, a taƙaita shi, a sha ruwa sosai kafin sahur.

Yadda za ka gane kana kan hanya shi ne ka ajiye ɗan littafi, ka riƙa rubuta nauyin da ka ɗaga da awon ƙugunka da tef irin na tela. In ƙugu na raguwa, nauyin sanda na nan, ci gaba. In kuwa mako biyu a jere ka kasa ɗaga abin da ka saba, to ka matse abincin da yawa, ka ƙara ƙwai biyu ko ludayin wake, ka kuma duba ko kana samun barci isasshe.