Zafin Baki da Ta'addanci: Tarke a Kan Kayan da Aka Ɗora wa Wata Kalma

A ranar 17 ga Agusta, 2017, Farfesa Yemi Osinbajo, wanda ke riƙon ƙwaryar shugabancin Nijeriya a lokacin, ya shaida wa taron gwamnoni a Abuja cewa gwamnati za ta ɗauki kalaman ƙiyayya a matsayin wani nau'i na ta'addanci. Abin da ya jawo furucin sananne ne. A ranar 6 ga Yuni na wannan shekara wasu ƙungiyoyin matasan Arewa sun taru a Kaduna sun ba 'yan ƙabilar Ibo wa'adin 1 ga Oktoba su bar Arewa, ga kuma zafafan maganganun Nnamdi Kanu a Rediyon Biyafara. Manufar wannan maƙala ita ce a auna ko kalmar ta'addanci za ta iya ɗaukar wannan kaya, sa'an nan a gwada ta a karkarar arewacin Kano.

Kalmar ta'adda aro ce daga Larabci, inda take nufin ƙetare iyaka. Daga wannan tushe Hausa ta sami ta'adi, watau ɓarna irin wadda shanu kan yi in sun faɗa gona, ko yaro ya yi wa kayan ɗaki. Da aka liƙa wa ta'adda ɗafa-ƙeyar da ke cikin iskanci da shashanci, sai aka sami ta'addanci, sunan ɗabi'ar da mutum ya mayar sana'a. A dukkan waɗannan kalmomi akwai aiki, akwai kuma abin da ya lalace wanda za a iya nuna wa mai unguwa. Bahaushe ba ya cewa wane ya yi ta'adi don ya tsaya a bakin gona ya rantse zai cinye ta. Yakan ce ya yi barazana, ko cika baki.

Wannan gardama ba a Nijeriya aka fara ta ba. A watan Afrilu na 1969, a birnin San Antoniyo na jihar Teksas ta Amurka, wani matashi mai suna Hose Anhel Gutiyeres, ɗaya daga cikin shugabannin gwagwarmayar Cikano, watau Amurkawa 'yan asalin Meksiko, ya gaya wa 'yan jarida cewa dole a kawar da "giringo", in tura ta kai bango har da kisa. Giringo kuwa laƙabi ne na farar fata mai danne su. Ɗan majalisa Henri Gonzalez, wanda shi ma ɗan asalin Meksiko ne, ya yi tir da shi a majalisar tarayya. Gutiyeres ya ce nufinsa a karya ikon giringo na siyasa da na dukiya. Abin da ya biyo baya shi ne kafa jam'iyyar La Raza Unida a 1970, da cin zaɓen hukumar makarantu a garinsu Kiristal Siti, har shi kansa aka zaɓe shi alƙalin gundumar Zabala a 1974. Maganarsa mummuna ce, fassarar da ya yi mata daga baya kuwa ba ta wanke ta duka ba, amma akwatin ƙuri'a ta haifar. A cikin wannan shekara ta 1969 ne kuma Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar wani shugaban ƙungiyar Ku Klux Klan mai suna Barandanbag, ta yanke cewa ba a hukunta mutum kan kiran tashin hankali sai in kiran na nufin tayar da fitina nan take, kuma akwai alamar zai tayar ɗin.

Adabin baka na Hausa ya daɗe da sanin wannan bambanci. Duk wanda ya halarci dambe da kaka a Dambatta ko Bichi ya ji ɗan dambe yana kirari da kisa da kabari, ya ji makaɗi yana zuga shi, amma babu mai zuwa kiran 'yan sanda, domin fage yana da iyaka, "kisa" a dambe kuwa kai abokin karawa ƙasa ne. Haka kirarin 'yan tauri da na mafarauta. Zambo da habaici su ma suna da nasu gurbi. Wanda al'ada ta ƙi shi ne ingiza mai kantu ruwa, watau a zuga wanda ba ya cikin fage ya je ya aikata abin da mai zugar ba zai aikata da hannunsa ba. Sunan wannan tunzuri.

Tarihin NEPU ya isa ya sa malamin Hausa ya yi taka-tsantsan da duk dokar da ke mayar da magana babban laifi. Tun daga kafa jam'iyyar a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, mawaƙanta irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja, da masu laccarta a kasuwannin ƙauye, ba su sassauta wa hakimai da dagatai ba kan haraji da jangali da aikin tilas. A wasu lokuta maganar takan ɗauki launin ƙabila, ta zama ta Haɓe da Fulani, ko da yake Malam Aminu Kano kansa Bafulatani ne daga zuriyar Genawa. Hukumar En'e ta amsa da kotunan alƙalai, aka ɗaure talakawa da dama da sunan zagin sarki ko yin taro ba izini, 'yan Mahaukata kuma suka bi 'yan NEPU da duka. Da a ce akwai kalmar ta'addanci da ma'anarta ta yau a hannun En'e, da ba a yi wata-wata ba wajen laƙaba musu ita. Ga shi kuwa abin da suke nema, watau soke haraji da jangali, gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta zartar da shi a 1979 ba tare da an harba bindiga ba.

Sai dai kuskure ne a tsaya nan, a ce tun da magana ba ta'addanci ba ce to ba ta da haɗari. Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano, wadda Mortimore ya yi nazarinta a shekarun 1960, ƙasa ce mai cunkoso. A Dawakin Tofa da Minjibir da Makoɗa gona tana jingine da gona, ba a barin saura, ana noma fili ɗaya kowace shekara da ƙarfin taki. Manomi yana bukatar shanun makiyayi su kwana a gonarsa bayan girbi, makiyayi yana bukatar kara da harawa, burtali kuwa kullum ƙara tsukewa yake yi. A irin wannan wuri kalmar "Fulani" mutum biyu take nufi. Akwai mai rawani, kamar Sarkin Bai na Dambazawa a Dambatta ko Madaki na Yolawa a Dawakin Tofa, akwai kuma mai sanda da ke zaune a ruga a gefen gona, wanda matarsa ke kawo nono kasuwa. Zafin bakin NEPU a kan na farko ya sauka, mutumin da ke da dogarai da kotu da gidan yari. Amma maganganun da wasu masu kiran kansu "Hausa Zalla" suke yaɗawa a Facebook da TikTok da saƙon murya na WhatsApp tun farkon shekarun 2020, waɗanda ke haɗa jihadin 1804 da fashin daji na yau su ɗora wa ƙabila guda, a kan na biyu suke sauka, domin shi ne hannu ke iya kaiwa gare shi. Kowa ya san hanyar rugarsa, ya san ranar da yake cin kasuwa. Abin da ya faru a Zamfara da Katsina, inda rikicin 'yan sa-kai da 'yan bindiga ya ci waɗanda ba su ji ba ba su gani ba daga ɓangarorin biyu, ya nuna tazarar da ke tsakanin baki da hannu ba ta da yawa.

Shari'ar mawaƙin Ruwanda Simon Bikindi tana da amfani a nan. Kotun duniya da ta zauna a Arusha ta ɗaure shi shekara 15 a 2008. Alƙalan sun yarda waƙoƙinsa sun hura wutar ƙiyayya, amma ba a kansu suka kama shi ba. Sun kama shi ne kan kiran da ya yi da lasifika daga cikin mota a watan Yuni na 1994, a kan hanya, ana tsakiyar kashe Tutsi. Laifin da aka ambata kuwa tunzura jama'a ga kisan ƙare-dangi ne. Watau an duba wanda ya yi maganar, da waɗanda ya yi wa, da lokacin, da wanda aka nuna da yatsa.

Akwai inda magana takan zama ta'addanci, amma wuri ne ƙunci. In ɗan bindiga ya aika wa ƙauye cewa a tara masa kuɗi kafin a girbe gero, saƙon nan wani yanki ne na aikinsa, domin bindigar da ke bayansa ta riga ta yi kisa, tsoro kuma shi ne abin da ake nema. Abin lura ga mai nazarin harshe, da Babbar Kotun Tarayya ta ayyana waɗannan mutane a Nuwamba 2021, sunayen ƙungiyoyin da aka rubuta a takardar su ne "Yan Bindiga" da "Yan Ta'adda", watau an ɗauki gama-garin suna an mayar da shi sunan yanka. Mai tunzuri a waya kuwa yana da dokar da ta dace da shi tun tuni: dokar Final Kod ta 1960 ta hana cusa ƙiyayya tsakanin jama'a ta yadda zaman lafiya zai gurɓace, sashe na 26 na dokar laifukan intanet ta 2015 kuma ya ambaci cin zarafin ƙabila. Ƙudurin da Sanata Aliyu Sabi Abdullahi ya kai majalisa a 2019, wanda da farko ya tanadi rataya in kalaman ƙiyayya suka jawo mutuwa, bai zama doka ba.