Waƙar Nan-Take da Waƙar Situdiyo: Darasin Shata a Daura

A birnin Daura aka yi wa Alhaji Mamman Shata sutura a 1999, garin ubangidansa Sarkin Daura Muhammadu Bashar. Haifaffen Musawa ne, amma Daura ta riƙe shi, don haka ita ta fi cancanta ta tambayi inda fasaharsa ta kwana.

Abin da ya ɗaukaka Shata shi ne ƙirƙirar waƙa a tsakiyar fage. Masu cewa baiwa ce kawai sun faɗi rabin gaskiya, domin aikin yana da tsari. Amshi shi ne ginshiƙi: yayin da 'yan amshi ke maimaita shi, mawaƙi na numfasawa yana ɗinka ɗango na gaba. Makaɗin kalangu yana matse gangarsa a hammata, ya ɗaga sauti ko ya sauke, ya bi maigida duk inda ya karkata. A kan mawaƙin kuma akwai rumbun kirari, karin magana da asalin gidaje. Basarake ya shigo, nan take a jefa sunansa. Wani ya yi kyauta, a gode masa kafin ya koma mazauninsa. Marowaci kuwa ya sha zambo. Da jama'a ake gina waƙar, shi ya sa waƙar Shata ta Bakandamiya kanta ba ta fita iri ɗaya sau biyu.

Situdiyo ta sauya wannan. Fiyano ya maye gurbin makaɗa, kwamfuta na gyara murya, a yanka a haɗa. Ribar a fili take: aiki ya yi araha, yaro daga Mai'adua ko Zango zai iya aika waƙarsa ko'ina ta waya. Asarar a gidan biki ake ganinta, inda dije ke sakin waƙa, mawaƙi na riƙe da makirufo yana motsa baki. Kiɗan da aka naɗa ba ya jiran kowa, ba ya sanin wanda ya shigo.

Maƙwabtanmu sun nuna akwai mafita. Mdou Moctar na Nijar a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008, da muryar da na'ura ta gyara irin ta waƙoƙin fina-finan Hausa. Amma da jita da ganga a gaban jama'a ya ci Turai da Amurka, yana jan kiɗa gwargwadon yadda taro ya amsa.

Har yau a Sallar Gani, makaɗan fadar Daura na kaɗa tambari, suna busa kakaki da algaita da hannunsu da numfashinsu. Nan ya kamata matasan mawaƙa su zauna su koyi sauraron taro. Masu shirya biki kuma su riƙa neman mawaƙi ya zo da makaɗa da 'yan amshi, su biya kuɗinsu. Sana'ar da ba a biya ba ta samun magaji.